Waken da Aka Manna a Kwali

Duk wanda ya ce jahilcin iyaye ne ya kashe ajin hutun ƙauyenmu, a gaya masa na ce ƙarya yake. Ba kuma malaman addini ne suka hana zane ba, kamar yadda aka yi ta yaɗawa har Bici. Ina wurin, mukullin ajin ma a hannuna yake.

Shekarar da taki ya gagari kowa ce. Damina ta yi tsakiya, rumbuna sun ƙare, gero bai fid da kai ba. Wata ƙungiya ta zo daga birni za ta koya wa yara al'adu da fasaha a dogon hutu: tatsuniya, saƙar faifai, zane. Na gama sakandare ina zaman banza, sai aka ɗauke ni in kula da su. Maganar gaskiya, ba tatsuniya ke kawo yaran ba, kakanninsu sun fi mu iyawa. Kunu da ƙosan da ake rabawa da azahar ne. Wasu daga shi sai gobe.

A mako na uku shugabar, wata Hajiya daga Rijiyar Zaki, ta sauke wake da masara da jar dawa. Wai yara su manna su a kwali da gam, su fitar da zakara, raƙumi, bukka. Ranar Asabar masu ba da tallafi za su zo, in abin ya burge su a ci gaba har ƙarshen hutu.

Na ce, "Hajiya, abinci ne fa."

Ta yi dariya. "Ke dai Malama akwai ƙorafi. A Kano haka ake yi."

Yaran sun yi ƙoƙari, wallahi sun yi. Sai dai rufin ajin yana yoyo, ga hadari kullum. Ni da kaina, da wannan gaggawar tawa, na ce kowa ya tafi da nasa gida ya bushe.

Da safiyar Asabar suka dawo da kwalaye tsirara, sai tabon gam. Na zarce gidan maƙwabciyarmu, uwar yara biyar, ina huci.

"Inna, ina zakaran 'yarki?"

"Yana cikinmu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga wanke-wanke ba. "Ke 'yar boko, kin aiko min da waken da zai cika gwangwani, in rataye a bango muna kallo? Sau uku na wanke shi, amma faten bai daina warin gam ba."

Na juya na koma ajin.

Baƙi suka iso da mota biyu, har da mai ɗaukar hoto. Hajiya ta dubi kwalayen, ta dube ni.

"Malama, mene ne wannan?"

Iyaye mata sun cika tagogi, mazan suna bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa. In na faɗi gaskiya, na tona asirin gidaje a gaban baƙi, har da namu, don raƙumin ƙanwata ma a tukunyarmu ya ƙare. Ni da aka sani da baki, ranar ko uffan. Wani Alhaji cikin baƙin ya girgiza kai ya ce mutanen karkara ba su san darajar ilimi ba. Suka shiga motocinsu suka tafi.

Ranar Litinin ba mota, ba kunu. Yaran suka zo da kofunansu suka zauna a gindin ɗorawa har rana ta karkata. Wata ƙarama ta ce, "Malama, ko yau sun makara ne?" Na daka mata tsawa, don ban da abin ba ta sai tsawar.

Kwana biyu ina juya abin. Ban san ko mai gadin gidan Hajiya zai bar ni in shiga ba, ban san ko faɗar gaskiyar za ta dawo da ko kofi ɗaya ba. Amma na yanke ranar Juma'a zan bi motar masu kai tumatir Kano, in nemi gidan Hajiya, in gaya mata inda waken ya tafi, mu biyu kawai, ba tare da na kama sunan gidan kowa ba.