Lambar da ke hawa a akwatin Ishaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Ishaya. Ban taɓa rubutu a kansa ba, don shi mutum ne da ba ya son a yi ta yabonsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata lamba da ke hawa a jikin akwatin da ya bari, ga shi ta kusa ƙurewa.

Tare muka yi aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Naraguta ta Jos, ni ina zuwa daga unguwar Congo-Russia, shi daga Anguwan Rukuba. Da hannunsa ya haɗa akwatin. A ciki akwai osileta, wato ɗan kiristal mai bugawa daidai wa daida, wanda da shi ake auna gaskiyar sauran na'urori. Masu gyaran rediyo da kayan sadarwa sukan kawo na'urorin awonsu su gwada, kamar yadda mahauci ke kai sikelinsa a duba. Sai dai kiristal yana tsufa, bugunsa yana zamewa a hankali. Don haka akwatin yakan gwada bugunsa da na tauraron ɗan'adam, in ya ga an kauce sai ya ƙara wa kiristal ɗin 'yar wuta ya dawo kan hanya. Lambar da ke jikin akwatin ita ce adadin wutar da ake ƙarawa, tana hawa yayin da kiristal ke tsufa. Abin da ke juya lambar ta zama wannan 'yar wutar shi ne wani ƙaramin aisi, wato ɗan guntun lantarki, da ake kira DAC.

A kan zaɓen DAC ɗin nan muka yi musun da ya fi kowane tsawo. Iri biyu Oga Obinna, mai shagon da muke sayen kaya, ya samo mana daga Legas. Ɗaya takunsa manya ne, zai yi ta gyara har kiristal ya mutu, amma duk taku sai bugun ya ɗan yi tsalle. Ɗayan takunsa ƙanana ne, ba ya hayaniya, sai dai tafiyarsa gajera ce. Ni na ce a ɗauki na farko a huta. Ishaya ya ce ma'auni mai tsalle ba ma'auni ba ne, ya kuma tsokane ni da cewa na cika tsoron gobe kamar mai ajiyar tumatir. Da ya ɗauki na biyu, na tuna masa cewa wata rana lambar za ta kai ƙarshe.

"Mutumina, kafin nan an yi shekaru," in ji shi. "Sai wani ya buɗe, ya murɗa kiristal ɗin, lambar ta koma tsakiya. Duk faɗin Jos a rasa mai yin wannan?"

To, Ishaya, an rasa. Cikin waɗanda ka koyar, ɗaya yana ƙasar waje, ɗaya yana sayar da sola a Abuja, ɗaya Keke Napep yake ja. Ni kuwa yanar ido ta rufe mini gani, hannuna yana rawa, kuma aikin ba ya son rawar hannu ko kaɗan. Na yi magana da shugabannin ɗakin gwajin, kowa ya ce za a duba. Na je wurin Oga Obinna ko ya san wani, na tarar shagon ya cika da cajar waya.

"Malam, tun Oga Ishaya ya mutu ba wanda ya tambaye ni wannan kaya," ya ce. "Yanzu abu ya lalace, a jefar."

Da zai dawo yau, na san ba zai janye zaɓensa ba. Har yanzu bugun akwatin tsaf yake, ba tsalle, ba gargada. A lissafin wuta bai kuskure ba. Mu ya dogara da mu, nan lissafin ya ɓaci, kuma wannan yana yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Abin da ya fi damuna shi ne akwatin ba zai mutu ba ranar da lambar ta ƙure. Koriyar fitilarsa za ta ci gaba da ci, bugun yana zamewa ba mai tare shi. Wanda ya kawo na'urarsa zai koma gida da kuskure, har ya yi godiya, yana cewa ai da ma'aunin Ishaya ya gwada.

Akwatin nan shi ne abin da ya rage na abokina, kuma tun da ya haɗa masa batir ba a taɓa kashe shi ba. Duk mako ina zuwa in sa a karanta mini lambar. Ranar da ta kai ƙarshe, ni zan zare wayar da hannuna, don kada a yi ƙarya da sunansa.