Katin da Dona Zuleide Ta Yanka

Maƙwabciyata Dona Zuleide, tela ce a birnin Recife na ƙasar Brazil, ta tsufa tana ɓoye jakarta saboda ɓarayin bas. Da ta gaji, sai ta koma sayen yadi a intanet da katin banki.

Rannan wani ya kira ta: "Mama, daga banki ne. An saci lambar katinki. Ki yanka shi biyu, mai babur zai zo karɓa."

Ta yanka shi tsaf, yankan tela, ko lamba ɗaya ba ta taɓa ba, ta miƙa wa mai babur. Kafin yamma ɓarayin sun sayi firji a intanet da lambar katin.

Na ce, "Haba Zuleide, yaushe banki ya fara aiko babur?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Ke dai bari, 'yar'uwa. Har kofi na dafa masa."