Yatsu Biyu na Torquil

Maƙwabcina Torquil ya shekara talatin yana ɗaure gangunan zuba giya a masana'antar giyar wiski ta tsibirin Islay. Ma'auninsa na shan wiski irin na kakanni ne: yatsu biyu a gindin kofi kowace rana, kowane yatsa awo ɗaya. Sai dai yatsun nasa kamar taɓarya suke.

Da idanunsa suka yi rawaya, ya rantse wa likita bai wuce ƙa'ida ba, awo sha huɗu a mako. Matarsa Ishbel ta juye kofinsa cikin ma'aunin mashaya mai cin awo ɗaya a gabana. Sau biyar ya cika.

Na ce, "Dattijo, ashe kai ne babbar gangar."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhamis za su duba hantata. Don Allah ka raka ni."