Makon da Na Shirya Kashe Tashi-Tashi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da lambar jarrabawata, amma makon da na shirya kashe wani dattijon cocinmu da fensir ba zai taɓa fita daga kaina ba. Bari in faɗa tun yanzu don hankali ya kwanta, babu wanda ya mutu. Shekara biyar ke nan, kuma duk lokacin da na ɗauki fensir sai na tuna.

Ni mai yin katun ne, kuma babu wanda ya koya mini. A ɗakinmu a Kafanchan na koya, da takarda da gilashin taga da tsohuwar wayar yayata. Za ka zana mutum, ka manna takardar a gilashi, ka ɗora wata a kai, hasken rana ya nuna maka na ƙasa, sai ka sake zana shi ka ɗan matsar da ƙafa. Sannan ka ɗaure waya da roba a bakin kujera, ka ɗauki hoton kowace takarda. Tafiya ɗaya kawai zane takwas ce. Kun san mutum in yana tafiya kansa hawa yake yana sauka? Ni ma ban sani ba sai da na yi wata biyu ina kallon mutane a kasuwa, har wata mai doya ta ce in zan saya in saya, in kuma ɓarawo ne in faɗa mata.

To, a cocinmu akwai wani Baba. Shi ne mai tsaron ƙofa, kuma shi ne mai sanda. Doguwar sanda ce siririya, in ana wa'azi sai ya riƙa zagayawa a hankali tsakanin benci, duk wanda ya fara gyangyaɗi ya taɓa shi ya ce, "Tashi, tashi." Tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Yana tafiya a kan yatsun ƙafa kamar mai shirin kama kaza.

Ina shekara goma sha biyar ya kama ni. Ba barci nake ba, zane nake. Ina da wani littafi mai baƙin bango, zanen shekara biyu na ciki, kuma ranar ina zana dodo da rigar ganye, irin wanda kakata take ba mu labari. Sai kawai na ga hannu ya sauko ya ɗauke littafin. Bayan sanarwa Baba ya je gaba, ya ɗaga shi sama, ya ce wa dukan jama'a ga yaro yana zana dodo a ɗakin Ubangiji. Mama tana zaune cikin zumuntar mata da ankonta, ta sunkuyar da kai. Bayan sati ɗaya na je roƙo, ya ce mini ya ƙone. Haka kawai ya faɗa, kamar yana gaya mini ƙarfe nawa.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na riƙe abin a ciki shekara huɗu, na kula da shi da kyau.

Da na fara katun ɗina na farko, labarin wata yarinya ne manomiyar citta. Sarkin Duhu ya sace ruwan sama ya rufe a tulu a kan dutse, ita kuma ta tafi ƙwato shi. Kowane kashi minti biyu ne, ina sawa a waya, a sitatus da guruf na matasan cocinmu. Sarkin Duhu yana buƙatar mai gadin ƙofa, ƙaramin mugu wanda za a buge a kashi na biyu a wuce. Na zauna zan zana shi, sai hannuna ya ba shi doguwar sanda. Ya ba shi tafiya a kan yatsu. Ya ba shi ɗan tarin nan da Baba yake yi kafin magana. Na sa masa suna Tashi-Tashi, kuma ni na yi muryarsa da kaina, na toshe hanci ɗaya.

Bai mutu a kashi na biyu ba, don na ga mutuwa ta yi masa sauƙi. A na uku ƙudan zuma suka bi shi. A na huɗu akuya ta ci wandonsa. A na biyar ya faɗa ramin da shi ya haƙa, a na shida ya sake faɗawa. Mutane suka manta da Sarkin Duhu gaba ɗaya, wanda na ɓata sati uku ina zana masa ƙaho. Kowa Tashi-Tashi yake tambaya. Wani ɗan ajinmu da ke aiki a Kaduna ya kira ni ya ce har a Kujama ya ga ana kallo a shagon caji. Na ji daɗi sosai. In wani ya tambaye ni ko Baba ne, sai in ce zane ne kawai, ni ban san komai ba.

Wata Lahadi Baba ya taɓa wani saurayi da sanda, kafin ya buɗe baki sai wani daga baya ya toshe hanci ya ce, "Tashi, tashi." Benci uku suka fashe da dariya. Fasto ya tsaya da wa'azi ya duba ta saman tabarau. Baba ya tsaya da sandarsa a tsakiyar hanya, ya duba hagu ya duba dama, ya koma bakin ƙofa. Lahadi ta gaba abin ya ƙaru, har yara suna bin bayansa a kan yatsu. Ta ukun bai zo ba. Sandar tana jingine a bayan ƙofa, kuma ranar rabin 'yan kwaya, mawaƙan coci, suka yi barci lafiya.

A lokacin nan makon matasa ya matso, shugaban matasa ya ce za a ari firojekta a nuna kashi na ƙarshe ran Asabar da yamma. Ni kuwa na riga na gama. Yarinyar za ta kori Tashi-Tashi, ya jefar da sanda ya gudu, ya zame ya faɗa daga kan ruwa mai zubowa irin na Matsirga. Zane sittin na yi wa faɗuwar nan. Har yau ban yi zane mai kyau kamarsa ba. Yana juyawa a iska sau uku, takalmi ɗaya ya rabu da shi.

Ran Litinin Mama tana tsince acca a tire, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Lahadi akwai Jibin Ubangiji."

Na ce na sani, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a teburin coci ke nan.

"Za ka ci?"

Na ce me zai hana.

"Da mutum a cikinka?" Ta hura ƙaiƙayi. "Ni ban ce ya yi daidai ba. Ina wurin, ni ce na sha kunyar. Amma a gidan nan ba a zuwa tebur da mutum a ciki. Ɗauki kwanon nan ka kai masa pate, an ce ba ya fita."

Na ce, "Mama, zane ne fa."

Ta ce, "Kwanon ma kwano ne. Ɗauka."

Na same shi a gindin mangwaro yana tsaga citta da ƙaramar wuƙa, ya baza wadda ya tsaga a kan buhu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Mama, ya tambayi yayata, ya nuna mini kututture in zauna. Sai da ya tsaga citta kamar goma kafin ya yi ɗan tarin nan.

"Na ji ran Asabar za ka kashe ni."

Na ce, "Haba Baba, ba kai ba ne."

"To. Mutumin yana tari irin nawa." Ya ɗauki wata citta. "Na kalla duka a wayar 'yata. Na akuyan nan sau biyu na kalla. Amma ka yi kuskure."

Na shirya jin wa'azi.

"Mutumin naka a kai yake dukan mutane. Ni shekara ashirin da shida ban taɓa kan kowa ba. Kafaɗa. Kan mutum ba wurin sanda ba ne. In mace ce kuma bencin nake bugawa." Ya nuna da wuƙar yadda ake yi. "Kuma tafiyan nan da ka sa kamar ɓarawo. Takalmina ne yana ƙara a siminti. In na taka duka, ba za a ji fasto ba."

Shekara huɗu ina nazarin tafiyar mutumin nan, zane takwas-takwas, na san inda gwiwarsa take lanƙwasa, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake ɗaga dunduniya ba. Na ɗauka mugunta ce take sa mutum tafiya haka.

Na tattara ƙarfina na ce, "Baba, littafina fa?"

"Na ƙone. Na gaya maka." Bai sassauta murya ba. Ya ce babansa mutumin gidan dodo ne, masu tsafin gargajiya, a ƙauyensu wajen Godogodo, kuma ranar da shi Baba ya fara zuwa makarantar mishan, masu rigar ganyen nan suka zo har gida suka yi masa dukan da ya kwana uku ba ya zama. Ya ce da ya leƙa ta kafaɗata ya ga zanen, hannunsa ne ya ɗauke littafin kafin kansa ya yi tunani. "Ka zana shi daidai, shi ya sa. Da ka zana shi banza-banza, da na bar maka."

Na jira ya ce in yi haƙuri. Ina so ku sani na jira sosai. Bai ce ba, kuma har yau bai ce ba. Ya buɗe kwanon pate ya duba, ya rufe, ya ce a gode wa Mama.

Da na tashi zan tafi ya ce, "Yarona. Yaya zai mutu?"

Na gaya masa. Har da takalmin.

Ya ɗan yi tunani. "Kayanka ne, ka kashe shi in kana so. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ya jefar da sanda ya gudu. Mai gadi ne. In zai mutu, ya mutu a bakin ƙofa."

Duk hanyar gida ina jin haushi, don na je da niyyar a ba ni haƙuri, na dawo da gyaran aiki. Na baza zane sittin ɗin a kan gado na daɗe ina kallo. Abin da ya dame ni shi ne, mutumin bai roƙi in bar shi da rai ba. Ya yarda ina da ikon yin abin da na ga dama da shi a gaban dukan coci, kamar yadda shi ma ya yi da ni. Kuma na san yadda ake ji a wancan gefen, don na taɓa zama a wurin.

Kwana huɗu suka rage. Na ajiye faɗuwar a ƙarƙashin katifa na fara sabon ƙarshe. Lokaci bai isa ba, saboda haka rabinsa hotuna ne a tsaye, baki kawai ke motsi. Ga yadda ya kasance. Yarinyar ta buge Tashi-Tashi a bakin ƙofa, bai gudu ba, sandarsa ta faɗi. Ta ɗaga fartanya za ta ƙarasa shi, ta tsaya, ta wuce. Ta fasa tulu, ruwa ya sauko, amma mutanen gari duk suna cikin barcin da Sarkin Duhu ya sa musu, ga ruwa yana zuba babu mai shuka. Ta yi ihu, ta buga ganga, ko motsi. Sai ta koma bakin ƙofa ta ɗauki sandar ta miƙa masa. Ya bi gida-gida a kan yatsu yana taɓa kafaɗa. In mace ce ya buga gado.

Ran Asabar coci ya cika. Da aka gama, wasu suka tafa, wasu kuma ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Wani abokina ya ce da ƙarfi, "Ina mutuwan? Kai ka ce mana akwai mutuwa!" Shugaban matasa ya ce hoton ya riƙa tsayawa, ko firojekta ce. Na ce eh, firojekta ce. Baba yana benci na ƙarshe da hularsa a gwiwa, ban ma san ya shigo ba. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce, "Kafaɗan ya yi daidai." Ya tafi.

Washegari na ci Jibi. Kafin nan kuwa, kwana huɗu na zane sun taru a idona, fasto yana tsakiyar wa'azi sai kaina ya fara sauka. Ban ji takun kowa ba. Na dai ji abu ya taɓa kafaɗata a hankali, na ɗaga ido, ga Baba da sandarsa. Ya yi ɗan tari, ya sa yatsa ya toshe hanci ɗaya, ya ce, "Tashi, tashi." Fuskarsa ko alamar murmushi babu. Ya wuce a kan yatsu. Wannan karon ni aka yi wa dariya, benci biyar.

Zane sittin ɗin suna nan har yau, ban nuna wa kowa ba, kuma wani lokaci nakan fito da su in kalla don gaskiya sun yi kyau. Abin da na koya shi ne, in ka jira sai an ce maka yi haƙuri kafin ka sauke mutum daga cikinka, za ka iya ɗaukar sa har tsufa, shi kuwa yana gindin mangwaro yana tsaga cittarsa. Kuma tun daga lokacin, duk mugun da zan zana, ko ƙarami ne mai fitowa minti ɗaya, sai na fara tambayar kaina me ya sa yake tafiya haka.