Littafin da Malama Hajara Ba Ta Kai Yola Ba

Ina ofishin malamai ina duba aikin ɗalibai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan Malama Hajara. Ya ce, "Anti, Mama ta cika ɗazu bayan azahar." Na yi ta maimaita innalillahi har na samu adaidaita daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan ɓoye ba, tare da hawayen da nake sharewa akwai haushi a raina.

Malama Hajara ce ta karɓe ni ranar da na fara koyarwa, kuma teburinmu ɗaya har ta yi ritaya. Tana da wata ɗabi'a da ban gani a wurin kowa ba. In ta karanta littafin hikaya ya shiga ranta, sai ta jira hutu, ta hau mota a tashar Unguwa Uku ko duk inda motar garin take, ta je ta ga wurin da labarin ya faru. In ta gama zagaye, sai ta ba wani ɗan garin littafin kyauta, ta dawo hannu rabbana. Takan ce, "Marubuci ya gama nasa, saura in je in ga ko gaskiya ya faɗa." In aka tambaye ta dalilin kyautar, sai ta ce, "Ai labarinsu ne, aro na yi."

Na raka ta Argungu sau ɗaya. Ta tsaya bakin kogi da littafi a buɗe, ta duba gabas ta duba yamma, ta ja tsaki. "Wannan yaron bai taɓa zuwa nan ba! Ina dutsen da ya ce sun zauna a kai?" Duk da haka ta miƙa wa wata mai soya kifi littafin, ta ce 'yarta ta karanta mata, su sha dariya.

Bara ta samu wani littafi da labarinsa ya faru a Yola, a gefen kogin Binuwai. Ta haɗa jaka. A nan 'ya'yanta suka tashi tsaye: hawan jini, hanya ba kyau, Mama ki bari sai an ga sauƙi. Na je na roƙi Nasiru, na ce ni zan raka ta, maganinta a jakata. Ya ce, "Anti, ki yi haƙuri, in wani abu ya same ta a hanya me za mu ce wa mutane?" Haba! Matar da ta san tashoshin ƙasar nan fiye da direbobi, aka mayar da ita mai leƙen titi ta taga. Duk ziyarar da na kai mata, jakar na nan bayan ƙofa, ba ta yarda an kwance ta ba.

A wurin zaman makoki na ji wata tana cewa gara da aka hana ta, da a titi za ta mutu. A raina na ba ta amsa. To, ga shi an tsare ta, kuma a kan gadonta ajali ya same ta, Yolar ma ba ta gani ba.

Ranar addu'ar uku Nasiru ya kira ni ɗakinta. Kantar littattafanta wayam, don duk ta mayar da su garuruwansu. Ya buɗe jakar, ya ciro littafin da ya rage. Ya ce, "Anti, wa ake ba wa in an je?" Na ce duk wanda ka samu a bakin kogin. Asabar mai zuwa za mu tafi, ni da shi, a motar haya kamar yadda take yi.

Allah ya jiƙan Malama Hajara, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta, ya sa Aljanna ce masaukinta. Allah ya ba Nasiru da ƙannensa haƙurin rashinta, ya sanyaya musu zuciya, don na san ƙauna ce ta sa suka rufe mata ƙofa. Ni ma ya yaye mini wannan haushin. Amin.