Ranar da Aka Aiko wa Kawu da Agashe

Ko tsufa ya kai ni ga mance sunayen jikokina, ba zan mance ranar da kawuna ya yi taron neman kujerar majalisa a unguwarmu ta Mayo ba.

A lokacin Kawu ya riga ya yi arziki: ga shaguna a birnin Omdurman, ga manyan motoci suna dako har Jabal Awliya. Amma kowa a Mayo ya san da tsire ya fara, wanda a nan muke kira agashe. Kakarmu, wato mahaifiyarsa, ita ke daka masa ƙuli da yaji kullum, har tafin hannunta ya yi kanta.

Masu ba shi shawara suka ce kul ya tuna wannan zamani, da Larabci kawai zai yi jawabi, tsohuwa kuma ta zauna a gida. Kaka? Ina! Ta yafa mayafinta ta ce in kai ta. Muka raɓe can baya, tana cewa, "Ganinsa kawai zan yi, ba zan ba shi kunya ba." Wallahi maganar ta sosa mini rai.

Yana tsakar jawabi sai ga wani daga ɓangaren abokin takararsa ya haura dandamali da farantin agashe, ya dire a gabansa, ya ɗaga murya: "Saƙo ne, a ba mai agashe!" Wasu suka fashe da dariya.

Kawu ya dubi farantin. Ya yi bisimilla, ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna a natse. Sai ya juya harshe zuwa Hausa: "Ya zol, bawan Allah, ka gaishe da maigidanka, na gode. Amma yajin nan bai daku ba. Wadda ta iya tana nan, tun ɗazu na hango ta."

Ya sauko ya ratsa jama'a, da farar jallabiyarsa ya durƙusa a ƙasa gabanta. "Inna, taso mu je gaba."

"Tashi, ja'iri, za ka ɓata rigarka," in ji ta, tana share hawaye.

Kujerar dai bai samu ba, kuma bai sake nema ba. Amma har Kaka ta koma ga Allah, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin nan. Tun ranar na gane, kome tsadar kujera, ba ta kai mutum ya ɓoye hannun da ya daka masa yaji ba.