Likita Ilaitia na Kadavu

Ilaitia Waqanisau ɗan masunci ne daga kudancin tsibirin Kadavu, ba shi da ko ɗigon jinin sarauta. Malamin mishan ne ya ga yana da kai, ya sa aka tura shi Suva, babban birnin ƙasar, inda Turawa ke koya wa 'yan ƙasa aikin likita. Shekarar da ya gama ne wata mura mai kisa ta shigo ƙasar a jirgin ruwa. Aikinsa na farko bai wuce dafa wa majinyata ruwan zafi da taya haƙa kabari ba.

Da annoba ta lafa, aka mayar da shi yankinsu. Kwale-kwale ne motarsa, akwatin magani ne kujerarsa. Ya yi allurar tunjere, ya cire haƙori, ya karɓi haihuwar da ta gagari tsofaffi. Ya auri Makelesi, suka haifi 'ya mai suna Losana. Yayan Makelesi kuwa, Sekope, taubashinsa ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Wata rana da la'asar suna zaune ana shan yaqona, abin shan gargajiyarsu, Sekope ya ɗauko garwashi da yatsu zai kunna taba, ya riƙe shi yana ta zuba labari. Ilaitia ya zuba masa ido.

"Me kake kallo, likitan kifi?" in ji Sekope. "Ka ga wanda ya fi ka kyau?"

"Miƙo hannun nan."

Ya soka masa tsinken allura a wani farin tabo da ke damtsensa. Sekope bai ko motsa ba. Kowa a wurin ya san abin da ke nan: kuturta ce. Doka ta ce duk mai kuturta a kai shi tsibirin kutare, kuma likita ne zai kai rahoto.

Makelesi ta tare shi a bakin ƙofa. "Baban Losana, wa ya sani in ba mu ba? Mu yi masa bukka a gona, ni zan riƙa kai masa abinci."

"Yaransa fa? Tabarma ɗaya suke kwana."

"Ɗan'uwana ne!"

"Ni ma nawa ne," in ji shi. Kashegari ya kai rahoto.

Ranar tafiya, Sekope ya leƙo daga jirgi ya ɗaga murya: "Kai, mugun suruki! In ka taɓa mini gwaza kafin in dawo, ban yafe ba!" Mutane suka yi dariya, ido na zubar da hawaye. Makelesi ta yi watanni tana ajiye wa mijinta abinci ba tare da ta ce masa uffan ba. Bai ba ta haƙuri ba. Sai dai ya kwaso 'ya'yan Sekope ya riƙe su a gidansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, sarakuna suka miƙa sunan Ilaitia don zama majalisar Gwamna, saboda yana jin Turanci kuma babu tsibirin da bai taka ba. Ya riƙa zuwa Suva da kwat a sama, zanen maza a ƙasa. Bai iya jawabi ba. Magana ɗaya ya sani: a ba tsibirai jirgin ɗaukar marasa lafiya, kuma a bar dangi su riƙa ziyartar kutare. Da ya miƙe, sai wani Bature mai gonar kwakwa ya ce, "To, ga likita da jirginsa!"

"Har yanzu dai ban gan shi ba, ranka ya daɗe," Ilaitia kan amsa, ya ci gaba.

A ƙarshe aka ba su wani tsohon jirgi mai yoyo. A cikinsa Sekope ya dawo, da sabon magani ya zo aka sallame shi, kai fari fat, yatsu sun ragu. Ya dubi Ilaitia sama da ƙasa ya ce, "Wannan tumbin, majalisa ce ta ba ka ko gonata?"

Ba kowa ya so Ilaitia ba. Ya goyi bayan a tilasta wa kowane gida haƙa masai da ɗaure aladu, ƙauyuka da yawa suka ce ya zama ɗan koren Turawa. Da aka fara jefa ƙuri'a, wani matashin malamin makaranta mai zaƙin baki ya kayar da shi, har a ƙauyensu. Abin ya yi masa ciwo, ya kwana biyu ba ya fita zaman yaqona.

Daga baya ya buɗe ɗakin shan magani a barandarsa. Idonsa ya raunana, Losana ce ke yin allura, shi yana tattaɓa ciki yana yi wa mutane faɗa kan ruwan sha. Ya rasu a damina, ana saura kaɗan ƙasar ta sami 'yancin kai. Malamin da ya kayar da shi na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa kan tudu.